Ciwon firgita na mazan jiya: mine ne shi, ƙaƙa ake warkewa?

Soja in ya komo daga fagen yaƙi, gida yakan cika da murna. Dangi su zo barka da arziki. Kowa ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ƙafafu biyu da hannuwa biyu, sai a yi hamdala. Amma a wasu gidaje, bayan kwanaki, iyali sukan lura mutumen nasu ya sake. Ba ya barci. Ƙofa in ta buga da ƙarfi sai ya zabura. Ya bar zuwa fada wajen abokansa. Abu kaɗan sai faɗa.

Nan fa maganganu ke tashi cikin gari. Wani ya ce iskoki ne suka shafe shi cikin daji. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce alhakin jini ne ke binsa. Wani kuwa ya ce ai hauka ce. Maganganun nan suna sa mutum ya ɓoye ciwonsa, iyali kuma su ji kunya su rufe ƙofa.

Likitoci sun san wanga ciwo tun fiye da shekara 100. Rauni ne na yaƙi, amma cikin ƙwaƙwalwa da zuciya yake, shi ya sa ido ba ya ganinsa. A cikin wanga bayani za a kira shi ciwon firgita. Yana da dalili, yana da alamomi, kuma yana da magani.

Su wane ne mazan jiya a ƙasar Nijar?

Zamanin mulkin mallaka, Faransa ta ɗebi samari daga ƙauyukan Nijar ta kai su yaƙi nesa da gida. Wasu sun yi yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918. Wasu sun yi na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Bayansu wasu suka tafi Indoshin, daga 1946 zuwa 1954, da Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Marigayi Janar Seyni Kunce, wanda ya shugabanci ƙasa daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka yi aikin soja a Indoshin da Aljeriya. Ana kiransu mazan jiya.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta kafa nata sojoji. An aika wasu ƙasar Saudiya a 1990, lokacin yaƙin tekun Fasha. Wasu sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodibuwa da Mali. Wasu sun yi fama da tawayen arewacin ƙasa, daga 1990 zuwa 1995, da kuma daga 2007 zuwa 2009.

Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2015, ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Ranar 10 ga Disamba na 2019, sojoji 71 suka rasu a barikin Inatas, cikin jihar Tilaberi. Ranar 9 ga Janairu na 2020, wasu 89 suka rasu a Cinagodar. Allah ya jiƙansu. An ƙidaya waɗanda suka rasu. Amma abokansu da suka tsira, suka ɗauki gawawwaki da hannunsu, su ma sun komo gida da wani kaya mai nauyi. Mazan jiya na yanzu samari ne da magidanta, sojoji da jandarmomi da ƴan gardi. Kusan kowane yanki yana da nasa.

Tun yaushe aka san wanga ciwo?

A yaƙin duniya na farko, likitocin Ingila sun ga sojoji da yawa suna rawar jiki, wasu sun kasa magana, wasu sun kasa tafiya, alhali ba harsashi a jikinsu. A 1915 wani likita mai suna Charles Myers ya rubuta bayanin abin. Da farko an zaci ƙarar igwa ce ke girgiza ƙwaƙwalwarsu. Kafin yaƙin ya ƙare, sojojin Ingila wajen 80,000 suka kamu.

Manyan soja da yawa ba su yarda ciwo ne ba. Suka ce ragwanci ne. A cikin wannan yaƙi an harbe sojoji 306 na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, bisa laifin gudu daga fagen fama da tsoro da makamantansu. Daga baya aka gane wasu daga cikinsu marasa lafiya ne. Sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yafe masu, shekaru da yawa bayan ƙasa ta rufe idonsu.

Sojojin Amurka da suka komo daga yaƙin Biyetnam sun sha irin wannan wahala. Suka haɗa kai, suka yi ta kai kuka. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon cikin littafinta na cututtuka. A 1992 Faransa ita ma ta yi doka wadda ta ɗauki ciwon a matsayin raunin yaƙi, daidai da na harsashi. Lokacin nan, da yawa daga mazan jiya na farko sun riga sun rasu da ciwonsu ba wanda ya san sunansa.

Mi ke faruwa cikin jikin mutum?

Cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani ɗan wuri, girmansa kamar ƙwarar gujiya. Aikinsa gadi ne, kamar karen gida. In ya hangi hatsari sai ya yi haushi. Nan take wasu ƴan kaluluwa da ke bisa ƙoda su zuba wani ruwa cikin jini, ana ce masa adiranalin. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Numfashi ya ƙaru. Jijiyoyi su ɗaure. Zufa ta keto. Jiki ya shirya ma gudu ko faɗa. Baiwa ce daga Allah. Ita ke sa manomi ya yi tsalle in ya taka maciji, tun kafin ya yi tunani. In hatsari ya wuce, kare ya yi shiru, jiki ya kwanta.

A fagen yaƙi, karen nan ba ya hutawa. Wata da watanni soja yana jiran hari dare da rana. Yana kallon hanya don tsoron nakiya. Yana barci da takalmi. Ga wasu mutane, ko sun komo gida, karen ba ya gane yaƙi ya wuce. Yana ta haushi ga inuwa, ga iska, ga motsin akuya. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai abu na biyu. Abin da mutum ya gani a rayuwa, ƙwaƙwalwa takan ɗaure shi kamar damin hatsi, ta sa cikin rumbu. Ran da ake bukata a ciro, in an gama a mayar. Amma abin da ya faru cikin mugun tsoro, ƙwaƙwalwa ba ta samun sukunin ɗaure shi. Yana nan watse bakin ƙofa: ƙara a nan, wari a can, fuskar aboki a gefe. Kullum mutum ya zo wucewa sai ya yi tuntuɓe da shi. Shi ya sa abin da ya faru shekara 5 baya yake zame masa kamar yanzu ne yake faruwa.

Alamomi iri huɗu

1. Abin yana komowa. Mutum ya riƙa mugun mafarki, ya farka cikin zufa yana kuwwa. Ko da rana tsaka, sai ya ga abin gabansa kamar sinima. Tsawar damana, fashewar tayar mota, harbin ƴan bindiga ranar hawan salla, ƙaurin babbaka ranar layya, duk suna iya tado shi.

2. Gudun duk abin da ke tunasarwa. Ba ya son a yi zancen soja. In rediyo ya fara labarin hari sai ya tashi. Ba ya shiga kasuwa don cunkoso. Ba ya zuwa jana'iza ko biki.

3. Zaman ɗar-ɗar. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa na kallon ƙofa. Yana tashi cikin dare yana zagaya gida. Barci kaɗan ne. Fushi yana kusa. Hankalinsa ba ya tsayawa ga aiki ɗaya.

4. Zuciya ta yi sanyi. Ba ya jin daɗin abin da yake so da. Ya ga ɗansa na wasa, ba ya jin komi. Yana zargin kansa, yana cewa don mi shi ya rayu abokinsa ya mutu. Wani yana jin kunyar abin da ya aikata, ko abin da ya kasa hanawa.

Sau da yawa jiki ne ke fara magana. Mutum ya zo gidan likita da ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko ciwon ciki, ko zafin ƙirji, ko rashin sha'awar iyali. A auna jini ba a ga komi ba. A irin wannan hali ya kamata a gaya ma likita mutumen ya je yaƙi.

A kula da wannan: cikin kwanakin farko bayan tashin hankali, kusan kowa yana jin wasu daga alamomin nan. Ga mafi yawan mutane suna raguwa da kansu cikin ƴan makonni. Ana kiran abin ciwo in ya wuce wata 1 kuma ya hana mutum aiki ko zaman lafiya da iyalinsa. Ga wasu yana ɓuya, sai bayan wata 6 ko shekaru ya fito. Yakan fito lokacin da mutum ya aje kaki, ko ya tsufa, ko aka yi masa rasuwa.

Wa ciwon ke kamawa?

Ba kowane soja ba ne. A 1988 an fitar da sakamakon wani babban bincike bisa sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. Cikin maza 100, wajen 30 sun taɓa kamuwa. Wajen 15 suna da ciwon har lokacin binciken. Ke nan mafi yawa ba su kamu ba, kuma cikin waɗanda suka kamu, wajen rabi sun riga sun samu sauƙi. Don haka ba daidai ba ne a riƙa tsoron duk wanda ya komo daga daji, ko a hana shi aure.

Ciwon ba ya duba galan mutum. Janar Romeo Dallaire, mutumen Kanada, shi ne kwamandan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda a 1994. A gabansa aka kashe mutane wajen 800,000 cikin kwana 100, ba shi da isassun sojojin da za su hana. Da ya koma gida ciwon ya kama shi, har ya nemi kashe kansa. A 2000 ya bar aikin soja saboda shi. Ya nemi magani, ya faɗi ciwonsa a fili. A 2005 ya zama ɗan majalisar dattawan ƙasarsa. In janar ya kamu, ƙaramin soja ba shi da abin jin kunya.

Hatsarin kamuwa yana ƙaruwa ga wanda ya daɗe a fagen fama, ko ya ji rauni, ko aka kama shi, ko abokinsa ya mutu kusa da shi. Yana ƙaruwa kuma ga wanda ya komo bai tarar da mai tallafa masa ba, babu sana'a, babu mai saurarensa.

Farar hula su ma suna kamuwa, maza da mata da yara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a wuraren da aka yi yaƙi, mutum 1 cikin 5 yana fama da wani ciwo na ƙwaƙwalwa ko na damuwa. Ƴan gudun hijira da ke zaune cikin garuruwa suna bukatar irin wannan kulawa.

Abubuwan da ke ƙara ciwon

Na farko shi ne ɓoyo. Soja ya saba da a ce namiji ba ya kuka. Sai ya haɗiye abin shekara da shekaru. Amma miki in an rufe shi da tsumma ba a wanke ba, ruɓa yake yi.

Na biyu shi ne kayan maye. Wani ya sha giya ko wiwi don ya samu barci. Wani ya sha tramol don ya ji ƙarfi. Wani ya sayi ƙwayar barci, irin su diyazefam, wajen masu yawo da magani bisa kai. Daren farko kamar an samu sauƙi. Bayan ɗan lokaci jiki ya saba, sai an ƙara yawa. Tramol mai yawa yana kawo farfaɗiya, yana iya kisa. Ciwo ɗaya ya zama biyu.

Na uku shi ne zaman kaɗaici da rashin aikin yi. Mutum shi kaɗai cikin ɗaki, ba abokin hira sai tunani.

Na huɗu shi ne bakin mutane. Yara su bi shi suna kiransa mahaukaci. Wani ya buga gwangwani bayansa don a yi dariya. Wani ya tare shi gaban jama'a ya ce: mutum nawa ka kashe? Duk waɗannan fama miki ne.

Ƙaƙa likita ke maganinsa?

Hanya tana farawa daga gidan likita na kusa, wato CSI. Majo za ya saurari bayani, ya duba jiki. Wajibi ne a duba, don fashewar bam tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma akwai wasu cututtuka masu kama da wanga. In abin ya fi ƙarfinsa, ya ba da takarda zuwa asibitin gaba. A manyan asibitoci, kamar na Damagaram, Maraɗi da Tawa, akwai ma'aikatan da suka koyi kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A babban asibitin Yamai akwai sashe na musamman da mutane suka sani da sunan Pabiyon E. Wanda ke cikin kaki har yanzu, ya fara da likitan bariki. Zuwa waɗannan wurare ba shaidar hauka ba ce. Mai ciwon ido ma wajen likitan ido yake zuwa.

A 2013 OMS ta fitar da shawarwari bisa wanga ciwo. Maganin da ta sa gaba shi ne magani da magana. Mai ciwo ya zauna da wanda ya koyi aikin, sau 1 a mako, kamar sau 8 zuwa 12. Da farko a koya masa yadda za ya kwantar da jikinsa. Sannan, sannu a hankali, ya ba da labarin abin da ya faru, daga farko har ƙarshe. Ranar farko da wuya. Zuciya na bugawa, hawaye na zuba. Amma in an maimaita cikin kwanciyar hankali, tsoron yana raguwa. Ƙwaƙwalwa ta tattara abin da ke watse, ta ɗaure dami, ta sa cikin rumbu. Mutum ba ya mantawa. Amma yanzu shi ke buɗe rumbun in ya so.

Ana kuma taimakonsa ya koma wuraren da yake gudu, taki bayan taki. Yau ya tsaya bakin kasuwa minti 10 tare da ɗan uwansa. Mako mai zuwa ya shiga ciki. Daga baya ya tafi shi kaɗai.

Akwai wata dabara da aka gwada a sansanonin ƴan gudun hijira na Uganda, daga baya kuma ga tsofaffin mayaƙa a gabashin Kwango. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum tun daga haihuwa. Ya aza dutse a kowane wuri na baƙin ciki, ya aza fure a kowane wuri na farin ciki. Sauran igiyar a bar ta naɗe, ita ce kwanakin da ke gaba. Sai a bi labarin ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya gani da idonsa yaƙi yanki ne na rayuwarsa, akwai furanni kafinsa, akwai sauran igiya bayansa. A Uganda, ƴan gudun hijira ne da kansu aka koya ma aikin, kuma ya yi amfani.

Wani lokaci likita yana haɗawa da ƙwayoyi masu rage damuwa. Ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi mako 2 zuwa 6 ana sha kullum kafin a ga canji. Kada a bari don an ji sauƙi, sai da izinin likita. Kada a ba wani nasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da mai ciwon za ya iya yi da kansa

- In gaba ya faɗi, ya zauna, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6. Ya yi haka sau 10. Ya koyi abin kullum, tun lokacin da yake cikin natsuwa.
- In abin ya komo masa da rana, ya taka ƙasa da ƙarfi, ya faɗi sunan garinsu da ranar da ake ciki, ya ambaci abubuwa 5 da yake gani gabansa.
- Ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Ya bar shayi mai ƙarfi da goro da kofi daga la'asar.
- Ya motsa jiki kowace rana: noma, lambu, kiwo, ko tafiya a ƙasa.
- Ya bar kallon hotunan hari da gawawwaki cikin salula.
- Ya riƙe salla da addu'a cikin jama'a.
- Ya zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri wanda za ya riƙa gaya ma abin da ke zuciyarsa.

Aikin iyali da na gari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitocin Afirka sun daɗe da gane haka. A 1954, a Aro kusa da Abekuta cikin Najeriya, likita Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya cikin gidajen ƙauye, kowa tare da ɗan uwansa, maimakon a kulle su. Daga 1959, a asibitin Fann na Dakar, likita Henri Collomb ya buɗe ƙofa ga dangi da masu maganin gargajiya. Duka biyun sun ga mutum ya fi saurin warkewa cikin mutanensa.

Ga abin da ake so daga iyali:

- A saurare shi in ya so magana. In bai so ba, kada a matsa. Zama kusa da shi shiru ma taimako ne.
- Kada a ce masa: ka manta, ai ya wuce. Da yana iyawa da ya manta tuni.
- Kada a zo masa ta baya ba sallama. In yana mugun mafarki, a kira sunansa daga nesa kaɗan, a kunna fitila, kada a girgiza shi.
- A gaya ma yara babansu ba shi da lafiya, ba su ne suka yi laifi ba.
- A bar masa girmansa na mai gida. A riƙa shawara da shi, a ba shi aikin da yake iyawa.
- A raka shi gidan likita, a tuna masa ranar komawa.

Matar mai wanga ciwo tana ɗauke da kaya babba. Ita ke farkawa in ya farka. Ita ke tare yara in ya husata. Dangi su taimake ta da aiki da hatsi da hira. Amma ciwo ba hujjar duka ba ne. In ya fara dukan mata ko yara, a fitar da su zuwa wurin da za su tsira, a kira manya, a kai shi likita.

Mai gari da liman da shugabannin samari da na mata suna da nasu aiki. Su hana tsokana. Su sa shi cikin gayya da ƙungiyar manoma. Su taimake shi bin takardun haƙƙinsa a biron tsofaffin sojoji. In akwai mazan jiya biyu ko uku a yanki, a haɗa su su riƙa zama tare. Abin da soja ba ya iya gaya ma matarsa, yakan gaya ma wanda ya kwana rami ɗaya da shi.

Malamai da masu maganin gargajiya

Iyalai da yawa wajen malam suke fara zuwa. Addu'a da nasiha suna kwantar da zuciya, balle ga wanda ke jin nauyin abin da ya faru a yaƙi. Malami mai ilimi yana iya tuna masa rahamar Allah tana da faɗi. Abin da ake so shi ne a haɗa biyu: ana addu'a, ana zuwa likita. Amma a guji duk wanda za ya ɗaure mutum da sarƙa, ko ya sa shi a mari, ko ya yi masa bulala, ko ya hana shi abinci, ko ya ce a zubar da maganin likita. Wanda tsoro ya raunata, ɗauri da duka ƙara masa tsoro suke yi. A guji kuma mai cewa a sayar da gona ko bisashe kafin ya yi aiki.

Yaushe ne ba a jira?

A kai mutum likita a ranar, ko da dare ne:

- in yana cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa yana ban kwana;
- in yana barazanar kashe wani;
- in ya yi kwana 2 ko 3 ba barci sam, ko ya ƙi ci da sha;
- in yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko bai gane mutanensa ba;
- in ya sha ƙwayoyi da yawa, ko ya faɗi yana farfaɗiya.

Kafin a samu mota ko amalanke, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da bindiga da wuƙa da igiya da maganin ƙwari na gona. In ana shakka, a tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa ma mutum tunanin. Sau da yawa ita ke buɗe masa baki.

A taƙaice

Ciwon firgita rauni ne da ake samowa wajen tsaron ƙasa. Ba ragwanci ba ne, ba hauka ba ce. Wasu suna warkewa sarai. Wasu yana raguwa har su koma gona da kasuwa, su riƙe iyalinsu, ko da yana leƙowa jefi-jefi. Ko an yi shekara 20 da shi, magani yana amfani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: mai ciwo ya faɗi ciwonsa, jama'a kuma su karɓe shi da mutunci. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Tambayoyi don tattaunawa cikin ajin yaƙi da jahilci

1. Waɗanne ne alamomi huɗu na ciwon firgita?
2. Bayan wane lokaci ne ya kamata a je gidan likita?
3. Don mi tramol da ƙwayar barci ke ƙara ciwon?
4. Waɗanne maganganu ne bai kamata a faɗa ma wanda ya komo daga yaƙi ba?
5. Mi gari za ya iya yi ma mazan jiya da matansu kafin damana mai zuwa?